Da Sauƙi, In Ji Mutanen Gida

Na sauka a garin da zan yi karatu ana ruwa, irin ruwan da babu hadari babu tsawa, yana zuba ne kawai kamar an manta ba a rufe shi ba. Garin yana kan duwatsun gabashin Aljeriya. A gida a lokacin an gama girbi, ana kai damma rumbu. A nan kowa ya shige cikin babbar rigar sanyi, ya sunkuyar da kai yana sauri. Na yi wa mutanen da na tarar a tasha sallama. Sun amsa, amma babu wanda ya tsaya jin sauran gaisuwar, sai na haɗiye abata.

Sunana Haruna, daga wani ƙauye a karkarar Kanan Bakashe. Kafin in koma karatun lantarki da sadarwa, na yi shekaru ina karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo a Mayahi: ɓatan raƙumi, ɗaurin aure, taron manoma, rasuwa. Aikin ya bar mini kunne. Ina jin inda mai magana ya ja numfashi ba a wurinsa ba, ina kuma jin irin ɗakin da yake ciki. Ya bar mini ƙa'ida ɗaya: ba a karanta sanarwar rasuwa sai an san wanda ya kawo ta, da hannun da ta biyo.

Da wannan ƙa'idar a kaina aka cuce ni, tun ban san hanyar masallaci ba.

Ina cikin layin masu neman katin zama, sanyi yana cin yatsuna, sai na ji an ce a bayana, "Kai, wanga tsayuwa ta ɗan Maradi ce." Na juya na ga wani dogon mutum da hula mai kyau. Ya ce sunansa Tanimu, ɗan Tasawa ne, ya daɗe a ƙasar. Ya tambayi ƙauyenmu, ya tambayi damina, ya tambayi gida da mutanen gida, ya yi mini gaisuwa har ƙarshenta. Ya san mai kilishin bakin tashar Tasawa. Ya san inda amalanke ke kafewa a rairayi tsakanin Mayahi da garin Sarkin Hausa.

"Wanga layi na waɗanda ba su da kowa ne," in ji shi. "Kawo takardunka. Ni ina da gajeriyar hanya."

Na ba shi takardar haihuwata ta asali, da hotuna, da kuɗin shan shayi. Daga ranar ban sake ganin Tanimu ba. Lambar da ya ba ni ta yi ta ƙara har ta gaji.

Dole na aika wa yayata Rabi, wadda ke aure a Mayahi, saƙo ta kira ni, don ta nemo mini sababbin takardu. Yaya Rabi ba ta da doguwar gaisuwa. In ta kira ka, daga "kana lahiya" sai magana.

"Kai da kake gaya wa duniya a yi hattara da ɓarayin shanu," ta ce, "kai ne aka sace kana tsaye da ƙafafunka."

"Yaya, Hausa ya yi mini."

"To ɓarawo da wane yare ka ji yana sata a nan? Kashe waya, kana ƙone mini kati."

Ta aiko da takardun. Na koma ƙarshen layin da na bari.

Zango na biyu shi ne labo, ɗakin bincike a hawa na uku na wani tsohon gini, inda wata farfesa mai suna Madam Nadiya ke shugabanta. Da Faransanci muke magana. Ranar farko ta ɗora mini wani abu a tafin hannu wanda bai fi akwatin ashana ba, da ƴar siririyar eriya da pil biyu, wato batir. Kaptar ake ce masa. Aikinsa ya ji: laimar ƙasa, zafi, zurfin ruwa. Ana baza irinsa da yawa a gona ko a bakin madatsar ruwa, babu igiyar waya a tsakaninsu. Babu wanda muryarsa ke kai wa nesa, don haka kowane yana miƙa wa maƙwabcinsa saƙo, maƙwabci ya miƙa gaba, har ya isa babbar na'urar da ke tara labari. Ita na sa wa suna uwa.

Na zaɓi wannan fanni ne saboda rijiyoyin ƙasarmu. A wajenmu fanfon foraj, wato burtsatse, yakan lalace a ƙauye, mata su koma tsohuwar rijiya mai nisan igiya, kuma sai an daɗe kafin masu gyara a Mayahi su ji labari. Na so ranar da fanfo zai kai ƙarar kansa.

Madam Nadiya ta bayyana mini matsalar a taƙaice. Ba ji ke cinye pil ba, magana ce. Saboda haka kaptar yakan kwana mafi yawan lokaci, ya farka, ya faɗi ɗan abin da zai faɗa, ya koma barci. In ya karɓi saƙonnin maƙwabta, ba ya miƙa su yadda suke. Yakan haɗa su ya taƙaita, ya aika da kalma ɗaya a madadin goma. Tsaro kuma magana ce. In ka ce kowane saƙo sai an kulle shi, kowane maƙwabci sai ya tabbatar da kansa kafin a saurare shi, pil ya ƙare kafin kaka. In ka sassauta, baƙo ya shigo.

"Akwai harin da muka fi tsoro," ta ce. "Wani ya ajiye na'urarsa a cikin naka. Tana magana da yarensu sarai. Ta ce wa kowa ita ce hanya mafi kusa zuwa uwa. Duk su miƙa mata, ita kuma ta haɗiye."

Na ce na san shi, sunansa Tanimu. Da na ba ta labarin ba ta yi dariya ba, amma Yasin, ɗalibin da muke tebur ɗaya, ya yi har ya riƙe ciki. Daga ranar muka zama abokai.

Madam tana da tambaya ɗaya da take yi wa kowane ɗalibi, a kan kowane sakamako. Na'ura tana iya yin kururuwa alhali babu komai, tana kuma iya yin shiru alhali gida na ƙuna. Ba ka raba kanka da duka biyun. Sai ta ɗaga gira ta ce, "Wane kuskure ne ya fi tsada?"

Hunturun farko ya yi mini wuya. Ɗakina yana da ɗumi a rabin da ke kusa da ƙofa, rabin taga kuwa kamar randa. A titi wasu na ɗauka ni lebura ne marar takarda. Wani mai gidan gahawa ya taɓa kallona ya ce babu wurin zama, kujeru kuwa ga su nan wayam. Mai burodin unguwarmu, tsoho mai rabin haƙora, shi kuma yakan ja ni kusa da tanda ya ce in tsaya sai burodi ya nuna, ko da akwai nunanne a kan tebur. Ranar Juma'a mahaifiyar Yasin takan aiko mini da wani abinci mai kama da burabusko, da miyar kabewa. Abin da na rasa shi ne wanda zan yi wa Hausa. In labo ya zama babu kowa sai ni da Yasin, nakan jera kaptar a kan tebur in ce, "Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka." Yasin ya haddace, yana gaishe ni da ita kowace safiya, yana karya ta.

Labarin gida yana zuwa mini ne ta hanya irin ta na'urorina. Ƙauyenmu ba shi da rezo, wato waya ba ta kamawa. Innarmu ta rasu tun ina lise, babbar sakandare, ƙanena Laminu yana can arewa wajen haƙar zinariya, saura Baba a gida da ƙanensa, Baffa Idi. Baffa ne mai waya. Wayar takan kwana a kashe duk mako a cikin aljihun rigarsa. Kafin ranar kasuwa Baba yakan zauna a gindin aduwar ƙofar gida ya yi magana a cikinta. Ranar kasuwa Baffa ya hau amalanke da ita zuwa Kanan Bakashe, a yi mata caji, ta kama rezo, saƙon ya tafi wurin Yaya Rabi, ita kuma ta turo mini.

Saƙon Baba dogo ne, ba ya gaggawa. "Haruna, kana lahiya? Muna lahiya. Ka ce mini 'lafiya' irin taku ta cikin akwatin rediyo, in ji in yi dariya. Rijiya ta ƙara nisa. San noman Idi ya ci mini kara, na ce sai mun je gaban mai gari. Sanyin da kake faɗi, ka sha kunu." A bayan muryarsa kullum akwai zabinsa. Baba yana da garken zabi da ba su yarda wani ya ɗaga murya a gidan ba. Da ya fara magana sai su ɗauka gaba ɗaya, shi kuma ya tsaya ya zage su, ya ci gaba. Nakan saurari saƙo ɗaya har na gaba ya zo.

Da rani ya shigo muka kai kaptar wata gonar zaitun ta gwaji a bayan gari. A allon labo komai kore ne, alamar kowace bishiya tana samun ruwa. Wata rana ni da Yasin muka je canza pil, muka tarar da layin ƙarshe ganyensa ya naɗe, ƙasa ta tsage. Garma ce ta tumɓuke kaptar ɗin wurin, ya faɗi kusa da wani tiyo mai yoyo. Yana kwance cikin taɓo yana cewa akwai laima, kuma gaskiya yake faɗi. Maƙwabtansa suka haɗa da nasu suka taƙaita, uwa ta ji lafiya lau. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, bishiyoyi kuwa suna mutuwa.

Da na koma na duba abin da uwa ta tara, sai na ga wani abu. Tun ranar da ya faɗi, eriyarsa na ƙasa, saƙonsa ya daina bi ta maƙwabcin da ya saba, ya koma zagaye, yana isowa a makare. Bai faɗa mana ya faɗi ba, amma hanyar saƙonsa ta faɗa. Wannan ya zama bincikena. Kada a tilasta wa kaptar ƙarin magana. A bar uwa, wadda take da kuran, wato wutar lantarki, ba ta tsoron ƙarewar pil, ta koyi halin kowane: yaushe yake magana, ta hannun wa, tsawon nawa. Baƙo yana iya sace kalmomi, har da mabuɗin kulle saƙo, amma hali yana da wuyar sata. Madam ta saurara ta ce a shirya babban gwaji rani mai zuwa, a kansa digirina zai tsaya.

A shekara ta biyu, lokacin da ake sharar gona a gida, Yaya Rabi ta ce mini Baba yana ɗan fama da ciki, amma da sauƙi. Saƙonsa na wannan makon ya zo, ya fi na kullum gajarta. Ya ce da sauƙi. Na gaba ma ya zo, da sauƙi.

Duk Bahaushe ya san wannan kalma. Mai ciwon kai yana faɗinta. Wanda ake juyawa a kan tabarma ma, in ka tambayi masu jinyarsa, ita za su ba ka. Na karanta sanarwar mutane da yawa waɗanda jiya-jiya aka ce mini da sauƙi. Kalma ɗaya ce a madadin goma, kuma ba ta gaya maka komai. Ni kuwa abu ɗaya nake so in sani: in zauna in yi gwajina, ko in tashi yanzu in tarar da mahaifina da rai.

Tashin ba ƙaramin abu ba ne. Katin zamana yana wurin sabuntawa, takardar wucin gadi ce a hannuna. In na fita da ita, babu tabbacin za a bar ni in dawo. Gwajin kuma ba ya jira, domin ba a shayar da zaitun da hunturu.

Sai na daina sauraron abin da suke cewa, na koma sauraron sauran.

Saƙo ya zo ranar da ba ta kasuwa ba. Kashegari wani ya zo. Wayar da ke kwana duk mako ta daina barci, ke nan tana inda rezo ba ya yankewa. Na sa abin ji a kunne na ƙara murya. Babu zabo ko ɗaya. A madadinsu akwai wani sauti mai zagayawa, a hankali, yana ɗan ƙara a kowane juyi: fankar sama ce, ƙauyenmu kuwa ba shi da kuran. Muryar Baba tana dawowa daga bango, bangon siminti, ba na ƙasa ba. Yana yanke jimla a tsakiya ya ja numfashi. Bayan haka muryarsa ta daina zuwa, sai ta Baffa Idi: "Ya ce a gaishe ka, ya ɗan kwanta ne. Da sauƙi ƙwarai."

Abin da ya ƙarasa ni shi ne kiran Yaya Rabi. Ta tambaye ni sanyi, ta tambaye ni karatu, ta tambayi abokina Yasin da mahaifiyarsa, ta tambaya ko ina cin abinci. Na bar ta ta kai ƙarshe.

"Yaya, yau ba ki tsoron katinki?"

"Laihi ne in gaida ƙanena?"

"Shekaranjiya ba kasuwa. A ina wayar Baffa ta samu rezo?"

"Oho. Ƙila ya hau tudu."

"Tudun yana da fanka?"

Ta ja tsaki. Sannan ta ce, "Kai dai da shegen bin diddigi. Karatu aka tura ka ko aikin jandarma?"

"Likitar Mayahi aka kwantar da shi ko ta Tasawa?"

"Haruna, ka rufa mini asiri." Muryarta ta sauka. "Baba ya tara mu, ni da Baffa. Ya ce wanda duk ya ɗaga maka hankali har ka bar karatu, bai yafe ba. Ka san shi. Mi kake so in yi?"

"Ban ce ki faɗi komai ba. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi."

"Alhamdu lillahi."

Katinta yana ƙonewa, ba ta ce in kashe ba. Can ta ce, "Ni dai ban ce maka komai ba. Na dai sa an share ɗakin baƙi, an shanya tabarma. Shara ai ba magana ba ce."

Da safe na shiga ofishin Madam Nadiya na ce zan tafi gida. Ta tambayi abin da aka ce mini. Na ce an ce jikin da sauƙi.

"To?"

Na jera mata kamar yadda nake jera sakamako: ranar da saƙo ke zuwa ta canza, hannun da yake biyowa ya canza, tsawonsa ya canza, zabi sun ɓace, mai gajeriyar gaisuwa ta tsawaita. Sai da na bayyana mata mene ne zabo.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Da a takarda ka kawo mini wannan, da na ce hujjar ba ta isa ba. Mai yiwuwa an kai shi gari ne ya sha magani, kuma yana warkewa. Ka je ka tarar da shi yana zagin tsuntsayensa, ka rasa katinka, ka rasa rani guda. Ba ni da ikon buɗe maka iyaka, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ba nawa ba."

Na ce haka ne, mai yiwuwa kururuwar banza ce.

Ta dube ni. Na ga tambayarta ta kullum tana zuwa, ita ma ta ga na gani, sai ba ta yi ta ba. Ta ce, "Bar wa Yasin mabuɗin akwatin pil."

Abin da ta faɗa kuwa ya faru. Katin zaman ya mutu ina gida, ranin ya wuce, sai bayan shekara na samu komawa, na tarar Yasin ya riƙe mini kaptar ɗina da rai, na fara gwajin daga farko. Amma wannan daga baya ne. A ranar, Yasin ya kai ni tasha a tsohuwar motar mahaifinsa. Mahaifiyarsa ta ba ni dabino da kwalbar man zaitun, ta ce a shafa wa tsoho a ƙafa. Da zan shiga mota Yasin ya riƙe hannuna ya ce, da karyayyar Hausarsa, "Jama'a masu saurare." Bai san wata ba.

Jirgi ya sauke ni Yamai, bas ya kai ni Maradi. Daga can na kira Yaya Rabi na ce ina tasha, motar ina zan shiga. Wannan ba tambayar jiki ba ce, don haka ta amsa: ta Tasawa.

Zafin bazara ya kai inda yake kaiwa. A harabar asibitin masu jinya sun shimfiɗa tabarmi a duk inda inuwa ta faɗi. Baffa Idi ne ya fara ganina. Ya miƙe da buta a hannu, ya ce, "La ilaha illallahu. Ni dai ba ni ba ne."

Fankar tana nan a saman ɗakin, tana ɗan ƙara a kowane juyi, daidai yadda na ji ta. Baba yana kwance a gadon kusa da taga. Mutumin da ke ɗaga damin hatsi da hannu ɗaya ya koma kamar an zana shi a kan zane. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya kan Yaya Rabi, wadda ke zaune a ƙasa tana fifita kunu.

"Ke ce."

"Wallahi Baba ban faɗa ba."

"Idi ne."

Na durƙusa na kama hannunsa. Na ce, "Baba, ba wanda ya gaya mini. Zabinka ne ban ji ba."

Ya juya maganar a ransa. Sai ƙirjinsa ya fara motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce. "Ƴan banza," ya ce. "Suna nan suna tona mini asiri, ba su nan ma suna tona mini." Ya huta. "Karatun hwa?"

"Yana nan. Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

A bakinsa na ji ta dabam. Ba labarin cikinsa yake ba ni ba. Godiya yake yi wa Allah, yana kuma ajiye mini ƙarfina don tafiyar da ya san tana da nisa. Na shafa masa man zaitun a ƙafa. Ya ce yana warin ganye, amma bai janye ba.

Bayan la'asar wayar Baffa ta yi ƙara. Baffa ya duba, ya miƙo mini da sauri kamar garwashi. Laminu ne, daga wajen zinariya. A can ma sai an hau dutse ake samun rezo, kuma shi ma da sauƙi ake ba shi tun farkon ciwon.

"Yaya Haruna? Kai ne? Yaushe ka zo? Mi ya kawo ka?"

"Na zo ganin gida."

"Yaya jikin Baba?"

Baba ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan zane. Idonsa yana kaina. Yaya Rabi ta daina fifita.

Na ce, "Da sauƙi."

Baba ya sauke yatsan, ya lumshe ido. Ni kuma ban kashe wayar ba, ban kuma ƙara kalma ba. Na ɗora ta a kan matashi, kusa da kafaɗarsa, na bar ta a buɗe. Fanka tana juyawa. Numfashin Baba yana shiga da ƙyar, ya tsaya, ya fita. Wani a gadon gefe ya kira mai jinyarsa. Na bar Laminu ya ji iya abin da katinsa zai ɗauka, sannan na mayar da wayar kunnena.

Iska tana bugun wayarsa a kan dutsen.

"Yaya," ya ce, "ina zabi?"

"Suna gida."

"Akwai motar da za ta sauka Agadas gobe da asuba," in ji shi.

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Yaya Rabi ta miƙe ta ce bari ta aika a shanya tabarma ta biyu.

Laminu ya iso Baba yana da rai.